Sawun da Hajiya Ta Kankare

Hanifa na tsince shinkafa a tsakar gidansu da ke Gesse lokacin da ta gaya wa mahaifiyarta cewa Munzali zai tafi Afirka ta Tsakiya, shekara guda.

"Aiki ya samu?" in ji Hajiya Baiwa.

"Aikin sa-kai ne, Inna. Sulhu tsakanin Musulmi da Kirista, a ƙauyukan da aka yi faɗa."

"Sa-kai! An sa muku rana, shi ko za ya tahi rabon faɗan da ba a gayyace shi ba? Nan Kabi rigima ta ƙare ne?"

Da la'asar Munzali ya zo sallama daga Argungu. Ya durƙusa can nesa, idonsa a ƙasa. Ya ce mahaifinsa Arzika masunci ne, ya bi kifi har can, faɗan ya rutsa da shi. Wani tsoho Kirista ya ɓoye shi a ɗakinsa, da Arzika ya cika kuma tsohon ya nemo masu yi masa salla, ya haƙa kabarin da hannunsa.

"Na girma ina ƙin mutanen garin can, Hajiya. Sai bara na ji labarin wanga tsoho. So nike in zauna da su, in gane yadda maƙwabta ke komawa abokan gaba, in taimaka in da hali."

Hajiya ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake cewa a rufe ƙofa.

Yana fita ta bi bayansa da cokali, ta kankare ƙasar sawunsa, ta ƙulle a tsumma, ta tura ƙarƙashin randa. Kiranye ke nan: a riƙa kiran matafiyi cikin randa kowace safiya, zama ya gagare shi har ya dawo.

"Ke za ki kira, muryarki ya sani," ta ce wa Hanifa.

Hanifa ta fashe da kuka. "Wallahi Inna ba ni yi! In an jawo shi ya dawo, ai ba shi ne ya dawo ba."

Hajiya ta ɗauki aikin da kanta. Sai dai mace mai kunya ba ta kama sunan suruki, ko da cikin randa ne. Don haka ta riƙa leƙawa tana cewa, "Mai sawun ga, dawo gida."

Bayan 'yan makonni, da rana tsaka, ana zafin da ƙadangare ma ya nemi inuwa, aka ga sawu jiƙaƙƙe daga bakin zaure har gindin randa. Na shiga kawai, babu na fita. Gidan ya ɗauki ƙarnin kifi da warin laka. Maƙwabta suka ce mai garuwa ne. Mai garuwan, bawan Allah, yana garin Gulma wajen girbi.

Kashegari ma haka. A rana ta uku ruwan randar ya kwana da yashi.

Hanifa ta kira Munzali a waya. "Ranar da ka zo sallama, wane takalmi ka sa?"

"Na Baba ne. Na sa don albarka. Lafiya?"

Hajiya na jin haka ta zauna a ƙasa, ba tabarma. Sannan ta ce a mayar da kayan sa rana, ɗiyarta ba ta shiga gidan da matattunsu ke yawo.

"Inna, ba su suka aiko shi ba," in ji Hanifa a hankali. "Kiran sa aka yi."

Ba a sake ɗaga maganar kaya ba. Hajiya ta daina leƙa randa, amma sawun bai daina zuwa ba. Kullum Hanifa ta share, ta yi wa mai shi addu'a, ta ci gaba da jira.

Da shekara ta cika Munzali ya dawo, ya rame, ya iya wani yare, tare da tsohon nan Kirista, yana rungume da babbar gorar masunta.

"Ta Baba ce," in ji shi. "Tsohon nan ya ce ajiya aka ba shi, shi zai kawo ta da hannunsa."

Tsohon ya dubi ƙasa ya yi magana, Munzali ya fassara: "Wai Baba har ya cika yana cewa gida yake so."

Aka kai gorar Argungu, Hajiya ta bi su, ta kwance tsumman ta zazzage ƙasar a gulbi tana istigfari. Daga ranar tsakar gida ta bushe. Masu ilimi sun ce randar ce ke yoyo. Mai yiwuwa. Ba su dai faɗi yadda randa ke sa takalmi ba.

Ranar ɗaurin aure Hajiya da kanta ta zuba wa tsohon tuwon shinkafa, ta zaɓa masa kan kifi.

Wanda ya fita neman zaman lafiya, addu'a ake bin sa da ita, ba cokali ba. Hanifa ta yi haƙuri ta bar nata ya dawo da ƙafarsa, shi ya sa da ya shigo, an ga sawunsa, an kuma ga mai shi.