Baƙin Dutsen Layin Caji

Yara, ku matso. Nafi'u, kashe wayar nan ko in fasa. Kun dame ni da tambayar me ya sa ba na dariya. To, yau za ku ji.

Kun san wurin cajin keke mai lantarki da ke bayan tasha, ƙarƙashin tsamiya. Shi kaɗai ne a duk Tungar Kanya. Wayar caji ɗaya, mu 'yan keke goma sha huɗu. In ka rasa, sai ka tura kekenka gida. Shi ya sa muke kama layi da dutse, kamar mata a bakin famfo. Kowa ya san nasa.

Akwai wani baƙin dutse a gaban layin. Ba na kowa ba ne a cikinmu. Baba Ɗanrimi mai gadi ya gaya mana tun ranar farko: daga magariba zuwa isha'i lokacin mai dutsen ne. A ajiye wayar cajin a ƙasa, kowa ya tafi masallaci. Wai da wannan sharaɗin aka sare reshen tsamiyar don sola ta samu rana.

Ran nan hadari ya wuni, layi bai motsa ba. Ana kiran magariba aka bugo mini. Matata Hansatu na naƙuda, jini ya ɓalle, ungozoma ta ce sai asibitin birni. Batirina saura ɗigo ɗaya. Kowa ya watse. Na sa ƙafa na ture dutsen, na jona.

Injin cajin yana da wata 'yar ƙara da ba ta yankewa. Sai ta yanke.

"Sannu da aiki, direba."

Wani dattijo ne zaune a kujerar baya. Ban ji hawansa ba, keken bai ko motsa ba. Bakinsa a rufe yake. Daga cikin injin muryar take fitowa. Na sunkuyar da kai, sai na ga ƙafafunsa. Dugadugan ne a gaba.

"Wa ya taɓa mini dutse?"

"Ni ne, Baba. Matata ce ba lafiya."

"Na sani. Ka sha rabona."

"A yi mini afuwa."

"Je ka kai ta. Ba ka ƙara bin layi. Ni kuma a jikinka zan riƙa sha."

Ya ɗora tafinsa a ƙeyata, sanyi kamar gindin randa. Da na waiga, ba kowa. Batir ya cika fal.

Na kai ta. Ta rayu, ta haifi Zulai. Nas ta miƙo mini jaririyar cikin zani. Na riƙe ta ina jiran murna ta zo. Ba ta zo ba.

Shekara uku ke nan kekena bai ga caji ba. Abokan aiki suna cewa na taki sa'a. Ɗanɗanon abinci ne ya fara tafiya. Sai dariya. Sai tsoro. Faɗan nan ma da nake muku sabo ne kawai, a ciki ba komai. Ranar da Inna ta rasu, da ni aka ɗauki makara, idona a bushe.

Na mayar da dutsen wurinsa. Baba Ɗanrimi ya dube ni ya ce, "Tukur, ka makara. Mai shi ya daina zuwa, ya samu wani wurin." Na ajiye keken wata guda. Duk ɗaya.

Jiya Zulai ta faɗi ta fasa baki. Ta rugo wurina tana kuka, tana "Abba, Abba." Na ɗauke ta na jijjiga, don na san haka ake yi.

Ummita, daina zare ido. Taɓa ƙeyata in ba ki yarda ba. Kin ji sanyin? To. Kada in ga ɗayanku ya bi ta bayan tasha shi kaɗai da magariba. Dutsen da ba naku ba kuma, ku bar shi inda kuka gan shi.