Rassan da Witold Ya Datse

Gwaggo Genowefa ta yi ƙarya, kuma tana sane ta yi ta.

Da safiyar nan Bogna, 'yar wanta da take riƙo, ta fito ta tarar an sare itatuwa masu jajayen rassa da ake kira deren, waɗanda saurayinta Witold ya dasa mata a jikin shinge. Saura kututture, taƙi ɗaya daga ƙasa. Rassan da take taƙama da su suna zube cikin taɓo.

"Wayyo! Gwaggo... wa ya yi min haka?"

"Wa kuwa? Masoyin naki. Da idona na gan shi."

"Witold? Ɗan saɓani fa kawai muka yi jiya..."

"To ga amsarki nan. Namijin da ya sare abin da ya dasa ya gama da ke, 'yar nan."

Bogna a birni ta tashi, ba ta san kan shuka ba. Ita kuwa gwaggon a lambu ta tsufa. Ta san deren sai an datse shi har ƙasa a ƙarshen hunturu, in ba haka ba rassan su tsufa, jan ya koma toka-toka. Ta sani sarai. 'Yarta Halina take wa kwaɗayin yaron.

Ranar ce Witold zai koma mahaƙar kwal. Ya tsaya bakin taga da jakarsa.

"Bogna, sanyin idona, leƙo mana. Jirgi ba zai jira ni ba."

Zobensa Bogna ta wurgo masa.

"Me na yi? Tsaya ki ji..."

Gwaggo ta ja tagar ta rufe.

Da bazara kututturan suka yi toho. Bogna ta kau da kai, zuciya ta hana ta tambaya. Da kaka ramin kwal ya rufta da Witold, ya rasu.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, shingen ya yi jawur kamar garwashi, irin jan da bai taɓa yi ba. Mahaifiyar Witold ta zo wucewa cikin baƙaƙen kayan makoki, ta tsaya ta dafa shingen.

"Sun yi yadda ya so. Ya ce min ya datse su ne don su yi ja ranar aurenku."

Bogna ta shiga gida ta tsaya gaban Genowefa.

"Gwaggo... kin sani?"

"Wa bai sani ba? Ke ce dai sakarya."

Bogna ba ta yi kuka a gabanta ba. Ta kwashe kayanta ta koma wurin mahaifiyar Witold, ta tafi da rassa ta kafa a kan kabarinsa, suka kama. Duk ƙarshen hunturu takan datse su har ƙasa da hannunta. Ba ta yi aure ba.

Halina da ta ji labarin ta bar garin, ba ta sake waiwayar uwarta ba.

Genowefa ta mutu ita kaɗai, a ɗakin da tagarsa take kallon shingen. Babu wanda ya kai fure kabarinta.