Yaron da Ya Wanke Wata da Toka

A shekarar da aka samu 'yancin kai, akwai wani yaro ɗan aji huɗu a wata makaranta a birnin Sakkwato. Yaron nan akwai rawar kai. Kome ya gani sai ya sa hannu. Tambaya kuwa ba ya yi, don a ganinsa ya riga ya san kome.

Malaminsu, Malam Tukur, ya kafa Ƙungiyar Masu Kallon Taurari. Su goma sha biyu ne, har da yaron. Madubin hangen nesa ɗaya tak gare su, suna kiransa bututu. Duk daren Alhamis bayan isha'i sai su taru a filin makaranta, kowa ya leƙa.

Makullin ɗakin da ake ajiye bututun yana hannun tsohon maigadi, Baba Tambari. Baba bai yi boko ba, amma ya san taurari kamar yadda ya san jikokinsa.

Saura kwana tara a yi bikin 'yanci, Malam Tukur ya ce, "Daren biki iyayenku za su zo. Za mu nuna musu wata a cikin bututu."

Bayan kwana uku aka yi gwaji. Da layi ya zo kan yaron, ya kafa ido. Sai ya ga fuskar wata duk tabo-tabo, ga wasu ramuka baƙaƙe. Ya ce a ransa, "Kai! Gilashin nan ya yi dauɗa. Haka za a nuna wa Baffana?"

Ga Malam tsaye kusa da shi. Buɗe baki ɗaya ya isa. Amma ina, gwanin bai tambaya ba.

Da safe ya je wurin maigadi. "Baba, ba ni makulli in ɗauko tsintsiya."

Baba Tambari ya miƙa masa. Yaron ya shiga, ya ciro ƙullin toka da soso daga aljihu. Ya tofa yawu a ƙaramin gilashin da ake sa ido. Ya dirje shi sosai, yadda Innarsa take dirje tukunya. Ya fito yana jin ya yi abin kirki.

Da Malam Tukur ya ɗauko bututun da yamma, sai ya yi salati. Gilashin ya karce kaca-kaca. Ba a ganin kome sai hazo.

"Wa ya taɓa wannan?" Malam ya tambaya.

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Malam," in ji wata murya daga baya, "wataƙila tabon da ke jikin wata aka so a goge."

Aka yi dariya, ban da Malam. Ya ce, "Tabon nan duwatsu ne da ramuka. A jikin watan suke, ba a gilashi ba."

Nan yaron ya gane ɓarnar da ya yi. Kuma duk da haka ya ja bakinsa ya yi gum.

Hedimasta ya sa aka kira Baba Tambari. "Makulli a hannunka yake. Wa ya shiga?"

Tsohon ya dubi yaron sau ɗaya, ya kawar da kai. Ya ce, "Ranka shi daɗe, makulli ga hannuna shike. Laihina na."

"To, ƙarshen wata ka ajiye aiki," in ji Hedimasta, ya karɓe makullin.

Ku ji fa! Shekara goma sha tara mutumin nan yana gadi, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Ranar da kowa zai yi murna, shi zai koma gida ba aiki. Mai laifin kuwa yana tsaye, da sauran toka a aljihunsa. Wannan abu da ban haushi yake.

A gida yaron ya kasa cin tuwo. Innarsa, Jamilatu, ta ɗauki rigarsa za ta wanke, sai toka ta zubo.

"Kai, mi kak kai toka yi makaranta? Kuma ina sosona?"

Yaron ya fashe da kuka. Ya faɗa mata duka.

Inna ta ajiye rigar. Ranta ya ɓaci ƙwarai. "Gilashi bai dame ni ba, kuskure na. Amma tsoho sa'an kakanka shi ɗauki laihinka, kai kana kallo? Kuma ka iya zakuwa gida ka zamna?"

"Inna, tsoro ni kai. Za a kore ni daga ƙungiya."

"A kore ka mana! Shi da anka kora, mi ɗiyanai za su ci? Gobe da sahe ka tahi ka hwaɗi gaskiya. In ba ka tahi ba, ni in ɗauki mayahina in tahi."

Da safe, bayan an yi layi, yaron ya fito gaban makaranta duka.

"Ni ne na goge gilashi da toka. Na yi wa Baba ƙarya na karɓi makulli. Ba ruwansa."

Hedimasta ya taka har bakin ƙofa da kansa, ya ba Baba Tambari haƙuri, ya mayar masa da makullinsa da aikinsa.

Malam Tukur ya ce wa yaron, "Ba zan kore ka ba, tun da ka faɗi gaskiya. Amma za ka share filin nan wata guda. Kuma daga yau kai ne na ƙarshe a layi."

Sabon gilashi sai an aiko daga Ikko, ba zai iso kafin biki ba. Iyaye suka zo, ba bututu. Sai yaron ya ɗaga hannu. "Malam, in yi tambaya? Me zai hana Baba ya nuna musu taurari?"

Haka aka yi. Baba Tambari ya ɗaga sandarsa sama. "Ku duba gabas. Waccan Kaza ta da ɗiyanta." Ya faɗi lokacin fitowar Gamzaki, da tauraron da matafiya ke bi. Iyaye suka yi ta tafi, har Hedimasta.

Bayan wata biyu gilashi ya iso. Yaron ya jira kowa ya gama, sannan ya leƙa. Ga wata nan da tabonsa, ko ɗaya bai goge ba.

Baba Tambari ya dafa kafaɗarsa. "Yaya, ɗana, in ɗebo ma toka?"

Yaron ya yi dariya, hawaye a idonsa. "A'a, Baba. A bar shi haka."

Tun daga ranar, in bai san abu ba sai ya tambaya kafin ya taɓa. In kuma ya yi laifi, da bakinsa yake faɗa, ba ya bari a hukunta wani a madadinsa.