Daga Guangzhou Zuwa Yola

Umair ya ga Zuhra a kasuwar Jimeta, ya bi sawunta har unguwar Gwadabawa, ya nemi aurenta. Sana'arsa sayo wayoyi ce a Guangzhou ta ƙasar Sin, yana turo wa 'yan kasuwa. Can yake zaune.

Mahaifinta, Malam Bobboyi, tambaya ɗaya ya yi masa.

"In abu ya same ta, yaushe za ka iso?"

"Bappa, daga can zuwa Addis Ababa awa goma ne a jirgi. Zuwa Abuja kusan biyar. Yola kuma ɗaya."

"Da zaman jira fa?"

"Ya kai kwana biyu."

"To, kafin ka sauka an binne ta. Ga Taufiq maƙwabcinmu, ko tari ta yi zai ji."

Umair ya koma Sin ba a ba shi ba. Zuhra ta ƙi Taufiq, ta rame.

A shekarar nan Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Masu gudun hijira suka cika Yola. Kowa na cewa gari na gaba namu ne. Ko tayar mota ta fashe, sai a watse. Taufiq ya kulle gidansa ya nufi Abuja, bai yi wa kowa sallama ba.

Zuhra ta rubuta wa Umair: "Nurina, tsoro nake ji. An ce sun kusa. In ba mu sake haɗuwa ba, ka yafe mini."

Amsa ta zo: "Tauraruwata, kada ki ƙara faɗin haka. Ki yi ta addu'a."

Daga nan wayarsa ta mutu. Ta kira, ta sake kira. Ta ce a ranta shi ma ya janye.

Malam Bobboyi ya aika wa yayan Umair cewa ya sauko, ya amince da auren. A turo wakili a ɗaura, yarinya ta samu mai fitar da ita. Yayan ya ce ba a buƙatar wakili, ango yana sama cikin jirgi.

Jirgin da ya kawo Umair Yola kusan babu kowa a ciki. A filin jirgi kuwa mutane na turereniyar fita. Wani ma'aikaci ya dube shi ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

Aka ɗaura aure a zaure, mutum bai fi goma ba. Liman ya gajarta addu'a, kowa kunnensa na waje. Hajja, uwar amarya, ta sa musu albarka tana kuka.

Malam Bobboyi ya kira ango da amarya ciki.

"Umair, na yi maka gurguwar fahimta. Allah ya yi muku albarka. Gobe ka ɗauke ta ku tafi, ko Abuja ne. Mu mun tsufa."

Umair ya dubi matarsa. 

Ta ce, "Baaba, ba zan hau jirgi in bar ku ba. Ba inda za ni."