Yashi a Hoton Inna Dela

La'asar ce sakaliya, hadari ya rufe garin Roni, iska mai sanyi tana kaɗawa. Musaddiƙ mai hoto ya gama aikin wani suna, yana ɗaure jakarsa a bayan mashin zai koma Kazaure, sai ya ji sallama.

"Malam mai hoto, kana iya ɗaukar mutum a ɗaki mai duhu?"

Ya waiwayo. Budurwa ce doguwa cikin hijabi ruwan ƙasa, idonta a kan kyamarar.

"Sai dai in kunna filasha."

"Ban da ita. Kakata ce, an yi mata aikin ido, ba ta son haske mai ƙarfi. Ƙafa kuma ta hana ta fitowa. Wayoyinmu duk duhu suke fitarwa."

Shahida sunanta. Ya kwance jakar ya bi ta.

Inna Dela na zaune a bakin gado, kanta yana ɗan rawa irin na tsufa. "Ke, miji kika kawo min? To ya matso in gan shi."

Musaddiƙ ya durƙusa ya gaishe ta. Ɗakin duhu ne sosai, don haka ya ɗaga ISO, lambar da ke ƙara wa kyamara gani a duhu, har dubu shida da ɗari huɗu. A ɗan gilashin kyamara hoton ya yi kyau.

Wankin hoton ya ɗauke shi lokaci, don kullum sai ya sami dalilin zuwa Roni. Yau zaɓen firam, gobe tambayar girman hoton. Kafin a ankara an koma zance a zaure, yana kiranta Hasken Ido, tana kiransa Ɗan Duhu.

Ranar da ya kawo babban hoton, mahaifinta Malam Lauwali ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Fuskar tsohuwa duk ɗigo-ɗigo, ja da kore, kamar an watsa mata yashi.

"Mahaifiyata ce ka mayar haka?"

"Baba, duhu ne ya..."

"Zaharadeen ma a ɗakin ya ɗauka." Ya miƙo wani hoton. Zaharadeen ɗan ƙanwarsa ne, mai shagon waya a Babura, wanda ya daɗe yana son Shahida. Sabuwar wayarsa ta fito da Inna fes, fuska sumul. "Wanda bai iya sana'arsa ba, da me zai riƙe min 'ya? Kada ka ƙara zuwa zance."

Da magariba saƙonta ya shigo: "Ɗan Duhu, ka yi haƙuri da Baba. Ni dai ba inda za ni."

Ya amsa: "Hasken Ido, Baba ya yi gaskiya, hoton bai yi ba. Zan gyara, in sha Allah."

Ya rufe ƙofar ɗakinsa da rana tsaka, ya zaunar da gwaggonsa a kan tabarma, ya shiga gwajin lambobin ISO ɗaya bayan ɗaya. A ɗari biyu ba yashi ko kaɗan, amma kyamara na jinkirin ɗauka, ko numfashi aka yi sai fuska ta dagule. A dubu uku da ɗari biyu yashi ya cika inuwa. Ya wanke hotunan, ya jera a ƙasa, ya tsuguna yana dubawa, har gwaggo ta ce ita fa ba gunki ba ce. Ɗari takwas ta fi dama-dama, in da za a sami ɗan ƙarin haske mai laushi.

Ya rubuta mata: "Da wane lokaci rana ke zuwa ƙofar ɗakin Inna?"

"Da hantsi. Amma ba ta shiga ciki."

"Kina da farin zani?"

"Na Inna na Sallah. Na faɗa mata, ta ce wai a turo mata mijinta, ɗakinta ne ba na Baba ba."

Da hantsin Asabar ya zo. Malam Lauwali na zaure, ya amsa gaisuwa a taƙaice, bai hana shi shiga ba. Shahida ta ɗage labule, ta tsaya a tsakar gida da farin zanin a buɗe, rana ta bugi zanin, haske ya gangara ɗakin a hankali. Inna ba ta ko runtse ido ba.

"Ɗaga hannu sama kaɗan," in ji shi.

"Hannuna ya gaji fa."

"Ki daure, aurenmu kike riƙe da shi."

Inna ta yi dariya, shi kuma ya danna.

Da ya kawo sabon hoton, Malam Lauwali ya ajiye shi kusa da na Zaharadeen. Akwai sauran yashi kaɗan a inuwar bayan gado, Musaddiƙ da kansa ya nuna masa. Dattijon bai kula ba. Yatsansa na kan kuncin Inna, inda tsagen gidansu ya fito rangaɗau. Ya duba na wayar, babu tsagen, ta goge shi tare da tamojin fuska.

Sai ya ce, "Wannan ce Inna." Ya gyara zama. "Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan, mutanen Kazaure da na Gwiwa sun cika layi. Zaharadeen ma ya zo, ya yi musabaha, ya ce Allah ya sa alheri. Aka shigar da ango wurin Inna, ta dafa kansa da na Shahida, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare. Ɗaki ya amsa da amin.

Da Musaddiƙ zai fito, ya hango mashin ɗinsa a tsakiyar rana. Malam Lauwali ya tattare babbar riga, ya tura mashin ɗin a hankali zuwa inuwar darbejiya, ya kafe shi, ya koma wurin baƙinsa. Musaddiƙ ya sunkuyar da kai, ya tsaya a bayan ƙofa don kada surukin nasa ya san ya gan shi, har sai da dattijon ya zauna.