Gangunan da Hamisu Ya Kawo

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba a Ɗan Isa. Rana ta yi ja, awaki sun shigo da kansu, Kulsumu tana kwashe tuwon dawa. 'Yarta Mubaraka ta ɗauki guga ta nufi rijiyar da ke bayan gidansu, wadda rabin unguwa ke sha daga cikinta. Tana zura igiya sai dutse ya faɗo a gabanta. Ta waiga, ba kowa. Wani ya sake zuwa ya bugi gugan.

Haka aka yi ta yi. Duwatsun ba su taɓa fasa kan kowa ba, amma duk wanda ya taɓa guga da almuru sai sun same shi. Aka ce yara ne, aka zane yaran unguwa a banza. Daga baya aka fara jin murya daga ƙasan rijiyar, kamar ta tsohuwa mai tari. Mutane suka koma ɗiban ruwa da hantsi, suka ci gaba da sha.

Maigidan, Hamisu, shi kaɗai ne bai tofa komai ba. Ya daɗe yana aikin ƙarfi a wani kamfanin gas a kudu, ya dawo gida shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da sabon gemu da shuɗɗan ganguna cike da bayan mota. Gangunan na wani ruwa ne mai kaifin wari da ake wanke injuna da shi. An ba shi su ya kai inda ake lalata su, shi kuwa gogan ya ga sun dace da ajiyar gero. Sauran ruwan da ke gindinsu ya juye a tsohon ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidan, dab da rijiya, ya tura ƙasa a kai.

Kuma ba rashin sani ba ne. Da idonsa ya ga kamfanin ya kafa bututu a ƙasa yana zuƙo ruwan da irin wannan abu ya ɓata, ana tacewa shekara da shekaru, har ya baro ba a gama ba. Da ruwan rijiyar ya fara warin fenti, sai ya hana iyalinsa sha, ya ce su riƙa ɗebo na famfon makaranta, wannan na wanki ne. Maƙwabta kuwa bai ce musu uffan ba. Abin yana cinsa, amma kunya ta fi ƙarfinsa.

Wata magariba Mubaraka ta faɗi a bakin rijiya. Da ta tashi, idanun nata ne amma kallon ba nata ba ne. Ta daina ci, ta daina gane uwarta, sai tari irin na cikin rijiyar. Da ta fara ƙanjamewa, aka tafi Shinkafi aka ɗauko Malam Isah, dattijon da ya san ruƙiyya.

Ya zauna a tabarma ya yi ta karatu a hankali. Can yarinyar ta miƙe zaune, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

“Ya isa, malam. Ni ma Musulma ce.”

“To mi yarinya ta yi maki?”

“Ba ta yi komi ba. Jihwa munka yi, ba a ji ba. Magana munka yi, ba a ji ba. Sai na nemi bakin da ubanta ka saurare.”

Kulsumu ta fashe da kuka. “Wallahi ban taɓa zubda ruwan zahi da magariba ba sai da bisimilla!”

“Ruwan zahi hucewa shikai, ɗiyata. A tambayi mai ganguna. Wurin ramin ga gidanmu na tun ba a yi garin ga ba. Jikokina sun mutu cikinai. In tahi da wagga, mu yi daidai.”

Hamisu ya durƙushe, gumi yana bin gemunsa. Malam Isah bai ko dube shi ba. Ya ce wa tsohuwar, “Zalunci haramun na gare ku kamar yadda yake gare mu. Hwaɗi wani abu, ban da yarinya.”

Tsohuwar ta nuna Hamisu.

“Ya haƙe ƙasar har inda wari ya ƙare. A ruhe rijiya. Kuma ya hwaɗa ma mutane da bakinai.”

Hamisu ya ce, “Haƙa zan yi, rijiya zan ruhe. Amma hwaɗin...”

Tsohuwar ta yi dariya mai tari. “Ka hwaɗi ko kak ka hwaɗi, mu tahiya za mu yi, wurin ga ba ya zamnuwa. In mun tahi, wa za ya yi jihwa?”

Mubaraka ta yi atishawa ta sulale. Da ta buɗe ido ta ce, “Inna, ƙishirwa.”

Washegari Hamisu ya wuni yana haƙa shi kaɗai, warin yana sa shi jiri. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa taki yake nema. Rijiyar kuwa ya ce a ransa sai gobe, in ya samo dalilin da zai bayar.

Da almuru sai ga Rekiya, maƙwabciyarsu, da tulu a kai da goyo a baya, fuskarta a sake.

“Sannu da aiki, Malam Hamisu. An ce mutanen sun tahi, mun huta.”

Ta zura guga. Hamisu ya tsaya cikin rami, yana kasa kunne ko dutse zai faɗo. Babu abin da ya motsa, ko ganye. Ta jawo gugan, ta kwance goyon, ta cika moɗa ta nufi bakin yaron da ita.

Hannunsa ne ya riga bakinsa. Ya tsinci dutse ya jefa, moɗar ta faɗi, ruwan ya zube a ƙasa. Yaron ya tsala ihu.

Rekiya ta juyo a firgice. “Malam Hamisu! Kai na?”

Ya fito daga ramin, ƙasa har gira.

“Ni na ɓata ruwan ga tun hwarko, Rekiya. Aje gugan ga, ki kira man Maigari.”