Ba da Biyu, Ci Huɗu

Sati uku ke nan da na fara koyon dara a allo mai gida ɗari, kuma kullum ƙanin matata sai ya lallasa ni a gaban mutane yana dariya. Ran nan da tsakar rana layin shagonmu ya yi tsit. Na kasa ɗinki, na kasa zama, sai jera ƙwayoyi nake ina rushewa.

Wani dattijo ya shigo ba sallama, ya zauna a gabana. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon.

"Tela, rowa ce ke kashe ka," in ji shi, muryarsa kamar daga cikin randa. "Miƙo mini wannan ƙwayar. Dole in ci, ko? Ƙaro waccan."

Na ba shi biyu. Sai ga hanya ta buɗe. Na tsallake huɗu a jere, ƙwayata ta zama sarki.

"Baba, don Allah sake jera mini in gani!"

Ya fara jerawa. Na ɗaga kai zan yi godiya, sai na ga hannayensa duka biyu naɗe a ƙirjinsa. A kan allon kuwa, yatsu suna ta jera ƙwayoyi.